Ƙyalƙyali a farce: ki san yadda za ki cire shi kafin ki shafa

Wata ƙanwa daga Daura ta turo tambaya. Bikin ƙawarta ya matso, tana so ta yi wa kanta adon ƙyalƙyali a farce a gida. Ta ce ta taɓa gwadawa da kwalbar jan farce mai ƙyalƙyali amma abin bai yi ba: ya fito tsilla-tsilla, da ta ƙara shafawa sai ya yi tudu ya ƙi bushewa, washegari ya fara ɓarewa daga baki, da ta zo cirewa kuma auduga ta yi ta yagewa har sai da ta sa reza ta kankare. Tana so ta san inda matsalar take, da kuma yadda ake yi da sallah.

Ƙanwata, ba hannunki ne bai iya ba. Ƙunshi da kwalliyar amare su ne sana'ata a nan Katsina, kuma duk abin da kika lissafa yana da dalili, yana da magani. Amma zan ɗauko tambayar daga wutsiya, don maganar sallah da cirewa ita ce take yanke irin shimfiɗar da za ki fara da ita, wato shafin farko na ƙasa, da irin ƙyalƙyalin da za ki saya, har da sa'ar da za ki zauna yin aikin. Matan da kike gani a TikTok da Instagram burinsu adon ya yi mako biyu bai motsa ba. Ke kuwa Azahar na jiranki, La'asar na bin bayanta. Abin da kike bukata ado ne da zai yi kyau na sa'o'in taro, sannan ya fita cikin 'yan mintuna bai ci farcenki ba.

Jan farce, mai ƙyalƙyali ne ko marar shi, idan ya bushe rufi yake zama a kan farce, ruwa ba ya ratsa shi. Farce kuwa yana cikin abin da ake wankewa a alwala da wankan tsarki, kuma a mazhabar Malikiyya da muka tashi a cikinta har cuɗawa tana cikin farillan alwala. Shi ya sa malamai suke cewa a cire shi kafin alwala. Lalle daban ne, rini ne da yake shiga cikin farcen ya zauna, ba ya barin wani abu a sama da zai tare ruwa. Idan kin yi alwalarki cikakkiya sannan kika shafa, sallarki ta yi muddin alwalar tana nan, amma da ta karye sai an cire. Akwai kwalaben da ake tallatawa da sunan na halal, wai ruwa yana ratsa su. Malamai ba su haɗu a kansu ba, kuma a irin wannan aikin maganar ma ba ta taso ba. Ko da shafi ɗaya na irinsu yana barin danshi ya wuce, da zarar kin jera ƙyalƙyali a kai kin rufe da shafi biyu, kin toshe duk wata kafa.

Saboda haka lokutan yin sa a wajenmu ƙidayayyu ne. Kwanakin fashin sallah su ne kaɗai za ki iya barin sa kwana uku ko huɗu, ki cire kafin wanka. Sai daren dina: ki yi Isha'i a farkon lokaci, ki shafa, ki je taro, ki cire kafin ki kwanta. Idan kuwa kamu ne ko yinin biki da ake farawa bayan La'asar, Magariba ta riske ku a can, kada ki wahalar da kanki da shafawa a farcenki na ainihi. Wannan aikin farcen roba ne, zan zo kansa.

Yanzu ga dalilin da ya sa ya fito miki tsilla-tsilla. Abin da ke cikin kwalbar wani sinadari ne mai suna naitiroselulos, wanda yake zama rufin farcen, da aka narkar a cikin sinadarai masu saurin tashi, su ne warin nan da yake cika ɗaki, kuma bushewar jan farce ba komai ba ce illa tashinsu zuwa iska. Ƙyalƙyalin kuma gutsattsarin roba ne, yawanci irin robar gorar ruwa, da aka lulluɓe da alminiyam da launi aka yayyanka. Iyo suke yi a cikin ruwan, kuma ruwan ya fi su yawa nesa ba kusa ba. Idan kika ja burushi daga gindi zuwa baki yadda ake yi wa jan farce na yau da kullum, burushin ruwan yake ajiyewa, ya janye ƙyalƙyalin ya tara a baki. Kika ga bai cika ba kika ƙara, kika sake ƙarawa, sai ya zama kamar yaɓen laka da aka lafta wa bango da kauri lokaci guda, sama ya bushe ciki ɗanye, ana taɓawa ya lotsa.

Maganin yana cikin jakar kwalliyarki: soson hoda, mai laushin nan da ake dangwala fandeshan da shi. Ki yanko ɗan guntu daidai faɗin farce. Ki shafa jan farcen mai ƙyalƙyali a bakinsa, ki dakata daƙiƙa 5 zuwa 10, soson zai shanye ruwan ya bar ƙyalƙyalin a sama. Sai ki riƙa dangwalawa a kan farcen a hankali, ban da gogawa. Zagayen farko ba zai rufe duka ba, kada ki damu, ki bi sauran yatsun, kafin ki dawo kan na farko ya sha iska, sai ki sake. A zagaye na biyu ko na uku farcen zai cika maƙil, kuma ba zai yi tudun da burushi yake yi ba. Soson yana cin jan farce, yana kuma ɓata fatar gefe, don haka kafin ki fara ki zagaye farcen da salatif, ko ki shafa farin gam a fatar ki bar shi ya bushe, in kin gama ki ɓare. Soson wanke-wanke da yankin katifa ba za su yi ba, ramukansu manya ne, burbushi suke bari. Kafin ki buɗe kwalbar ki kifa ta a kan murfinta na minti 5 don abin da ya kwanta a ƙasa ya gangaro wuya, sannan ki murza ta tsakanin tafukanki. Girgizawa da ƙarfi iska take cusawa, iskar nan ce take fitowa ƙuraje-ƙuraje a kan farce.

Ɓarewar washegari kuwa, ina kyautata zaton maiƙo ne. Hannun mace a ƙasar nan ba ya rabuwa da mai: basilin, man kaɗanya, man girki, humrar da ake murzawa a tafi. Ido ba ya ganin sa a kan farce, amma jan farce ba ya kama inda yake. Na biyu ruwa. Farce yana shan ruwa ya ɗan buɗe, idan kin shafa daga fitowa wanka ko daga kan wanki, in ya bushe ya koma girmansa sai abin da ke kansa ya tsage. Ki ba shi ko da sa'a 1 bayan doguwar jiƙa. Alwala ba jiƙo ba ce, kafin ki idar da sallah ya bushe. Ki rage tsawonsa, dama ba a so a bar shi ya wuce kwana 40 ba a yanke ba, kuma a ganina ƙyalƙyali ya fi tsafta a gajeren farce. Ki goge bakin da magogin farce kina bin fuska ɗaya, ba kai da komowa ba. 'Yar fatar nan ta gindi ki tura ta baya a hankali da tawul, kada ki yanke ta, ita ce take toshe hanyar ƙwayoyin cuta, kuma yanke ta ne yake jawo kumburin gefen farce, wani lokaci har ɗan karkare. Kayan yankan su zama naki ke kaɗai. A ƙarshe ki goge kowane farce da auduga da ɗan asiton, wato ruwan goge jan farce, ko sifirit, daga nan kada ki taɓa fuska ko gashi har ki shafa.

Shimfiɗa iri biyu ce, kuma a nan ne maganar farko take aiki. Idan na kwanaki ne, ki sa bes-kot, farin nan mai kama da ruwa, shafi ɗaya siriri. Yana sa launi ya kama, yana hana mai duhu ya bar miki farce rawaya. Idan na dare ɗaya ne, ki nemi farin gam na ruwa, irin wanda 'yan firamare suke manna takarda da shi, wanda ruwa yake wankewa. Ki sirka shi da ɗigon ruwa, ki shafa siriri a farcen da wankakken burushi, ki jira minti 5 zuwa 10 har farin ya ɓace ya koma garau. A kansa za ki ɗora duk sauran aikin. Idan an tashi daga taro sai ki sa tsinken sakace a kusurwar gindi ki ɗaga a hankali, adon zai tashi gaba ɗaya, babu asiton babu kankara. Akwai bes-kot da aka yi musamman don ɓarewa haka, idan kin samu a wajen masu kayan kwalliya ya fi gam riƙo. Rauninsu ɗaya, ba sa son ruwa. Wanke hannu na ɗan lokaci ba komai, amma ban da wanke-wanke, kuma a wajen dinar ki ci da cokali. Bayan kin ɓare ki wanke faratan da sabulu da ruwan ɗumi ki duba gefe-gefe da kyau, don ragowar gam ma rufi ne.

Mu kuma muna da abin da matan bidiyon ba su da shi. Farcen da ya sha jan lalle ya riga ya samu launinsa na ƙasa, ja mai duhu ko ruwan goro, kuma ƙyalƙyali mai ruwan zinare ko na tagulla a kan wannan launi, wallahi, babu kwalbar da za ta ba ki irinsa. Amfanin launin ƙasa shi ne ya cike 'yan kafofin da ke tsakanin ƙwayoyin ƙyalƙyali don kada a hango fararen wurare, lalle kuwa ya gama wannan aikin tun kafin ki buɗe kwalba. Kin rage shafi biyu ke nan, kin rage jira, kin rage kauri. In kin ɓare adon da dare kuma farcen ba ya komawa tsirara, don lallen farce ba ya koɗewa kamar na fata, fita yake tare da farcen, shi kuwa kusan milimita 3 yake yi a wata. Ki yi ƙunshinki kwana 2 kafin bikin, launin lalle sai ya kwana ɗaya ko biyu yake nuna sosai, kuma ki tabbata kin goge man da aka shafa bayan cire lallen. Mai ruwan azurfa ne kawai ba na so a kan jan lalle, dishi-dishi yake fitowa. Shi nasa shuɗi mai duhu ne, ko baƙi, ko fari. Ki ɗauki ƙyallen ankon ki je da shi wajen sayayya, a rana za ki gwada launi ba a ƙarƙashin fitilar shago ba.

Akwai kuma garin ƙyalƙyali da ake sayarwa a 'yan ƙananan robobi. Ya fi na kwalba haske da cika, amma a nan ake yawan sayen abin da bai dace ba. Wanda ake samu a shagon littattafai don adon kati da aikin makaranta ba na jiki ba ne. Ƙwayarsa manya ce, bakinta da kaifi, wani ma ƙarfe ne ko gilashi, kuma launinsa ba ya jure sinadarin jan farce. Na kwalliya roba ne mai laushi, an yanka shi ƙanana. Gwajin da sauƙi: ki zuba kaɗan a farar takarda, ki ɗiga jan farce marar launi a kai, ki jira minti 2. Idan launin ya zuba ya ɓata ruwan, ko ƙwayoyin suka nannaɗe, ki bar wa yara su yi zane da shi. Wajen shafawa ki ninke takarda biyu ki buɗe ta a ƙarƙashin hannunki, ki kashe fanka. Farce ɗaya-ɗaya ake yi: ki shafa jan farce marar launi, tun yana ɗanye ki barbaɗa garin a kai har ya rufe, ki danna a hankali da yatsa da kika sa a leda, ki kaɗa yatsan, bayan minti 2 ki share gefe da busasshen burushi. Abin da ya zuba a takarda ki bi ninkin ki mayar cikin roba. Kada ki share shi zuwa tsakar gida. Ba ya ruɓewa, wannan ne ma ya sa Tarayyar Turai ta fara taƙaita sayar da garinsa a watan Oktoban 2023, a gidajenmu kuwa inda kaji suke tsatstsaga yara suke rarrafe nan zai ƙare.

Ba dole ne a cika farata goma ba. Ƙunshi har gwiwar hannu, ga zobba, ga awarwaro, ga leshi mai duwatsu, sannan ga yatsu goma suna walƙiya, abin yana yi wa ido yawa. Wanda na fi yi wa ƙawayen amarya shi ne mai sauka: ki dangwala soson da yawa a bakin farce, ki riƙa sassautawa kina gangarowa har tsakiya, gindin ya zauna da lallensa. Yana yafe kuskure, kuma yana sa gajeren farce ya yi kamar dogo. Idan kina son layi miƙaƙƙe a baki, duk wadda ta taɓa yanka salatif don ƙunshi ta riga ta iya. Ki fara manna shi a bayan hannunki ki ɗaga sau biyu don ƙarfinsa ya ragu, ki ɗora a farcen da ya bushe sarai, ki dangwala, ki cire tun ƙyalƙyalin yana ɗanye. A kan shimfiɗar gam kada ki sa salatif, zai tashi da komai. Ko ki cika yatsan zobe kaɗai ki bar sauran. Manyan ƙwayoyi kuma da jiƙaƙƙen bakin tsinken sakace ake ɗaukar su ɗaya-ɗaya a jera.

Rufin sama, wato tof-kot, shafi biyu yake so. Ƙyalƙyali yana shanye na farko ya bar farcen da kaushi, kuma kaushin nan ne yake kama zaren mayafi, musamman shifon, ya ja miki shi a tsakiyar taro. Na farkon ki ɗora shi da cikakken burushi kina ajiyewa, kada ki danna, don kada ki ja ƙwayoyin ko ki kwaso su zuwa cikin kwalba. Bayan minti 3 ki sa na biyu, ki bi da burushin ta kan kaifin bakin farcen ki rufe shi. Daga nan ɓarewa take farawa.

Sai jira, wanda shi ne yake kayar da yawancin mata. Minti 2 zuwa 3 tsakanin kowane shafi, kamar minti 20 a ƙarshe kafin ki taɓa komai, kuma ko a lokacin sama ne ya bushe, cikin yana ɗaukar sa'o'i kafin ya yi tauri. Ki gama ɗaurin ɗankwali da sa sarƙa da jan zif kafin ki zauna, jaka da waya su kasance a buɗe a gefe. Tsoma yatsu a ruwan sanyi na minti 2 yana ɗan taimakawa, amma ba a kan gam ba. Yanayinmu ma yana da nasa hali. Da hunturu yana saurin bushewa, sai dai ƙura tana manne masa, ki rufe taga, kuma ki riƙa rufe kwalbar tsakanin yatsa da yatsa don iskar tana kafe ta. Da bazara, watan Afrilu da Mayu da zafi yake haura digiri 40, sama yana rufewa kafin na ciki ya fita, sai ƙuraje, don haka ki yi a ɗaki mafi sanyi kuma ki ƙara sirantawa. Da damina ki ƙara haƙuri kawai. Kwalbar da ta kafe akwai ruwan sirki da aka yi dominta, ɗigo 2 ko 3 ya isa. Kada ki zuba mata asiton, zai tsinke na ranar ya lalata sauran. Wajen saye ki duba lambar NAFDAC, ki karkata kwalbar ki ga ruwan yana gudu, wadda ta daɗe a rana a kan tire kin sayi wahala.

Idan bes-kot na gaske kika sa, ga yadda ake cirewa. Asiton yana narkar da jan farce amma ba ya narkar da robar ƙyalƙyali, shi ya sa gogawa take yaga auduga ba ta kai ga ƙasa ba. Lokaci yake so. Ki shafa basilin a fatar gefe, ki yago auduga daidai farce ki jiƙa da asiton, ki ɗora, ki naɗe kan yatsan da takardar foyil ta girki. Bayan minti 5 zuwa 10 ki danna ki zare, zai fito tare da audugar. Ruwan gogewa marar asiton ya fi sauƙi ga fata amma a kan ƙyalƙyali jinkiri ne da shi. Asiton yana kama wuta daga nesa, tururinsa ma ya isa, don haka ki nisanci risho da gas da kyandir, da kuma wanda aka fi mantawa a gidan biki, kaskon turaren wuta. Ki buɗe taga. Ban da fetur, ban da tinar fenti. Kina gamawa ki wanke hannu ki murza man kaɗanya ko man zaitun a gindin farce. Rezar nan kuwa ki yi sallama da ita. Farce hawa-hawa yake, kankarar tana tafiya da na sama, shi ne fari-farin da kike gani da saurin karyewa. Ba ya gyaruwa sai dai ya fita, kuma kafin sabo ya maye shi daga gindi zuwa baki wata 4 zuwa 6 ne.

Farcen roba shi ne ya warware mana rigimar taron rana. Ki sayi marar launi, ki gwada kowanne a yatsansa ki rage shi da magogi, gajere ya fi. Ki manna su a kan kwali da salatif, ki yi duk adon a kansu kwana ɗaya ko biyu kafin biki, da hannu biyu, babu ruwanki da wahalar shafa wa hannun dama da hagu, kuma su bushe har ciki. Ranar taro ki manna su da 'yan ƙananan sitikun nan masu gam fuska biyu da suke zuwa a cikin kwalin. Idan an kira sallah ki jiƙa yatsu da ruwa ki ɗaga daga gefe, ki murje ragowar gam ɗin, ki yi alwala, bayan sallah ki sa sababbin sitiku daga jaka. Saiti ɗaya zai yi miki biki da yawa. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne sufa-gulu. Yana tafiya da saman farce wajen cirewa, idan ya zuba a auduga ko atamfa zafi yake yi har ya ƙona fata, kuma farcen robar da aka bari kwanaki ruwa yana shiga ƙarƙashinsa, ƙwayoyin cuta su mai da farcen kore.

Za ki ga ana tallar jan farcen jel da 'yar fitilar UV da ake busar da shi da ita. Ba na ba ki shawararsa a gida. An yi shi ne don ya yi mako biyu zuwa uku, cire shi sai an goge sama an jiƙa a asiton minti 10 zuwa 15, ga shi ba ya bushewa da iska sai da fitila, a ɗauke wuta kina tsakiyar aiki kin zauna da ɗanyen sinadari a hannu. Ɗanyen nan idan yana taɓa fata yana iya haifar da borin jini wanda in ya kama ba ya barin mutum, har ya shafi irin kayan da likita zai iya cike miki haƙori da su nan gaba. Ƙungiyar likitocin fata ta Birtaniya ta yi gargaɗi a kansa a 2018, kuma kayan yi a gida suna cikin abin da ta nuna wa yatsa.

Idan kina girki wa gida ko kina dama fura da hannu, ki cire adon kafin ki koma madafa. Mai goyo ta bar garin ƙyalƙyali gaba ɗaya, na kwalba da rufi biyu ya fi aminci. Idan ƙwaya ta faɗa ido kada a murza, a yi ta zuba ruwa mai tsabta, in ciwon bai lafa ba a je asibiti. Yatsan da yake da yanka, ko kumburi, ko farcen da ya fara rabuwa da nama, a tsallake shi, mai ciwon suga kuma ta ninka kula da gindin farcenta. Mai cikin da watanta ya kama, ko wadda aka sa wa ranar tiyata, ta je da farce fili, don 'yar na'urar da ake maƙala wa yatsa a auna iskar jini haske take harbawa ta cikin farce, rufi mai kauri yana iya rikita ta. Ƙannenki kuma da sun gan ki za su miƙo hannu, musamman in Sallar Gani ta zo gari ya cika. Wadda har yanzu take tsotsar yatsa ko cin farce a sa mata jan lalle kawai. Manyan ki yi musu a kan shimfiɗar gam, yatsa ɗaya a kowane hannu, ki ɓare musu da kanki kafin a zuba abincin dare.